Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Ake Kwashe Lambobin Waya Daga Littafi A Aika Wa Jama'a Saƙo Lokaci Guda

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, sakataren wata ƙungiyar manoma a yankin Tumfafi cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, ya aiko mana da doguwar wasiƙa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce ƙungiyarsu tana da mutum wajen 400, kuma sunayensu da lambobin wayarsu duk suna cikin wani babban littafi da yake ajiyewa. Bara da takin da suka haɗa kuɗi suka saya ya iso, sai ya ɗauki littafin ya kai wani shagon kwamfuta, yaron shagon ya buga sunayen, ya karɓi kuɗi, ya ce an tura wa kowa saƙo. Ranar rabo ko rabin mutane ba su zo ba. Waɗanda ba su ji ba suka ce da gangan ya ɓoye labarin don ya fifita 'yan'uwansa, har maganar ta kai gaban dagaci. Yana so mu bayyana masa yadda ake wannan aiki daga farko har ƙarshe, da abin da ke hana saƙo isa, don kada a maimaita bana.

AMSA: To Malam Sakatare, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah ya huci zuciyarka. Zargi a kan abin da mutum bai ci ba bai sha ba akwai ciwo. Amma ka kwantar da hankalinka, abin da ya same ka ba kanka farau ba, domin ya taɓa samun Gwamnatin Tarayya ita da kanta.

Manoma da yawa za su tuna shekarar 2012, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. A shekarar ce aka ɓullo da shirin nan da ake kira GES, wato shirin ba manomi tallafin taki da iri ta wayarsa ta hannu. Malaman gona suka bi ƙauyuka da fom-fom suna rubuta sunan manomi da garinsa da lambar wayarsa, aka kwashe takardun aka shigar da su cikin kwamfuta, wani kamfani mai suna Cellulant ya riƙa tura saƙo. Wanda saƙo ya shigo wayarsa sai ya je cibiyar rabo ya nuna, ya biya rabin kuɗi ya ɗauki buhu biyu na taki, sauran rabin kuma Gwamnatin Tarayya da ta jiha su raba tsakaninsu. Gwamnati ta ce manoman da ta yi wa rajista sun haura miliyan 10. Dabara ce mai kyau, domin an so a kewaye 'yan ka-yi-na-yi waɗanda taki ke ɓacewa a hannunsu. To amma koke-koken da aka yi ta ji daga ƙauyuka su ne: an rubuta sunana saƙo bai zo ba, ko garinmu babu sabis, ko ba ni da waya na ba da lambar maƙwabcina shi kuwa ya tafi cin rani. Shirin ya ja da baya bayan 2015. Darasin da ya bari shi ne, komai tsadar na'ura, lambar da aka ba ta ita take bi. In an ba ta gurguwar lamba ba za ta ce uffan ba, sai ta jefa saƙon a daji.

Bari mu fara da abin da yaron shago ya buga sunayen a ciki. Ana ce masa jadawalin kwamfuta, wanda aka fi sani kuwa shi ne Excel na kamfanin Microsoft, wanda ya fito tun 1985, akwai kuma Google Sheets da ake iya buɗewa ko a babbar waya. In ka dubi fuskar kwamfutar za ka ga an tsaga ta gida-gida kamar fangalin lambu. Akwai layukan kwance, akwai na tsaye. Ƙa'idar ita ce kowane mutum ya sami layin kwance guda nasa shi kaɗai, kamar yadda kowace kunya take da shukarta. Layukan tsaye kuma kowanne da abin da ake zubawa a ciki: na farko suna, na biyu lambar waya, na uku gari, na huɗu abin da mutum yake nomawa ko yake saye. Layin da ke can sama a rubuta kanun, wato Suna, Lamba, Gari, Sana'a. Kada a haɗa suna da lamba a gida ɗaya. Kada kuma a cusa lamba biyu a gida ɗaya don mutum yana da layi biyu. A tambaye shi wanda ya fi sa wa caji da kati, a rubuta shi, ɗayan a ba shi wani layin tsaye dabam.

Wannan layi na gari kada ka raina shi. Ran da motar taki za ta tsaya a Marke kaɗai, ba ka da dalilin biyan kuɗin saƙo zuwa ga mutanen Jalli da Tattarawa da Ɗanguguwa, balle su taso su sha tafiyar banza. Da layin gari yaron shago zai tace maka mutanen Marke cikin ƙiftawar ido.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Shi Excel asalinsa don lissafi aka yi shi, ba don ajiye lambar waya ba. Lambar wayar Nijeriya alƙaluma 11 ce, kuma da sifiri take farawa, 070 ko 080 ko 081 ko 090 ko 091. To a wajen mai lissafi sifirin da ke gaba ba shi da amfani. Babu wanda zai rubuta buhu 05, sai dai buhu 5. Saboda haka da zarar an buga 0803 da sauran alƙaluman, sai Excel ya haɗiye sifirin ba tare da ya tambayi kowa ba, lamba ta koma alƙaluma 10. Wasu kamfanonin tura saƙo suna gane irin wannan lamba su gyara da kansu, wasu kuwa watsar da ita suke yi.

Yaro mai wayo sai ya ce bari in sa lambar ƙasa. Lambar Nijeriya 234 ce, ana cire sifirin farko a sa ta a madadinsa, lamba ta zama alƙaluma 13, kuma wannan ita ce siffar da yawancin kamfanonin suka fi so. To nan ma akwai rami, wanda ya fi na farko zurfi. Duk adadin da ya kai alƙaluma 12 ko fiye, Excel yakan taƙaita shi a fuskar kwamfuta, sai ka ga ya rubuta wani abu kamar 2.34803E+12. Muddin fayil ɗin yana siffarsa ta Excel, cikakkiyar lambar tana nan a ɓoye. Amma kamfanonin tura saƙo da yawa suna bukatar a ajiye fayil a wata siffa da ake kira CSV, wadda rubutu ne zalla, waƙafi ne kawai ke raba suna da lamba. Ita wannan siffa abin da ido ya gani a fuskar kwamfuta shi take ɗauka. Ke nan alƙaluma bakwai na ƙarshe sun tafi, kuma su ne suke bambanta wayar Malam wane da ta Malam wane. Mutum ɗari za su iya komawa lamba guda wadda ba ta kowa ba ce. Idan aka ce maka an tura wa kowa amma gari guda babu wanda ya gani, fara duba nan.

Maganin abin ba wuya, sai dai a yi shi tun kafin a fara bugawa. Yaron ya zaɓi layin lambobin gaba ɗaya ya gaya wa kwamfuta cewa abin da za a zuba a nan rubutu ne, ba adadi ba. Kalmar da zai zaɓa a wurin ita ce Text. Daga nan sifiri ba zai ɓace ba, doguwar lamba ma ba za a taƙaita ta ba. In kuwa an riga an buga, to ya fara share duk wani fili da 'yar karan-tsaye da aka sa a tsakanin alƙaluma, sa'an nan a wani sabon layin tsaye ya rubuta wannan umurni: ="234"&RIGHT(B2,10), ya ja shi har ƙasa. Ma'anarsa, ɗauko alƙaluma goma na ƙarshe ka liƙa musu 234 a gaba. Ko sifirin yana nan ko ya ɓace, abu ɗaya zai fito. Akwai kuma umurnin =LEN(B2) wanda ke ƙirga alƙaluman kowace lamba. Ya yi wannan ƙirgar kafin ya liƙa 234: duk lambar da ba ta ba da 11 ba, ko 10 in sifiri ya faɗi, akwai kuskure, a ware ta gefe. Ka yanke wannan shafin jarida ka kai masa, zai gane. Ƙari a kan haka, in ya ajiye fayil ɗin CSV kada ya sake buɗe shi da Excel ya kuma ajiyewa, domin ɓarnar dawowa take yi. In yana son dubawa ya buɗe da Notepad, can zai ga lambobin tsirara yadda kamfani zai gan su.

Duk wannan gyaran na'ura ne. Akwai kuskuren da na'ura ba ta gani, wato na alƙalami. A littafin da ya sha hannu da gumi da ruwan damina, 1 da 7 kama suke yi, haka 3 da 8, haka 0 da 6. Lamba za ta cika alƙaluma 11 cif, amma ta wani mutum ce a Fatakwal. Wannan ba shi da magani illa ka zauna kusa da mai bugawa, kai kana karantawa shi yana bugawa, in an gama a buga jerin a takarda ka kai taron ƙungiya, kowa ya ji an karanto lambarsa ya ce e ko a'a. Wanda bai haddace lambarsa ba, kuma suna da yawa, ya yi maka filashin nan take ka kwafa daga fuskar wayarka. A ganinmu wannan zama guda ya fi duk wata dabarar kwamfuta amfani. Kuma a riƙa yinsa kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ba a fafe gora ranar tafiya. Dalili kuwa, waya tana faɗawa rijiya, ana sacewa a kasuwa, mutum ya sayi sabon layi bai gaya wa kowa ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Har ila yau tun Disamba 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, an rufe layuka masu ɗimbin yawa, musamman a 2024. Littafin da aka rubuta shekara biyar da suka wuce, lalle akwai matattun lambobi a ciki.

Wani abu kuma da ya shafi ƙauye musamman. Sau da yawa waya ɗaya ce a gida, maigida da matansa biyu da ƙanensa duk ita suka bayar. Kwamfuta tana da umurnin share lambar da aka maimaita, kuma yana da amfani, don kada ka biya kuɗin saƙo huɗu zuwa waya guda. Amma in aka yi wannan shara a kan ainihin rajistar ƙungiya, sunayen matan nan da ƙanen sun fita ke nan, ranar rabo a ce babu su, wata sabuwar rigima ta tashi. Saboda haka fayil biyu za a yi. Uwar rajista tana nan da kowa da kowa, ba a taɓa ta. A kwafi 'yarta, a kan 'yar ake shara, ita ake ba kamfani. In kuwa saƙon kowa dabam ne, alal misali an sa sunan mutum da adadin buhunsa, to kada a share komi, kowa a tura masa nasa ko da waya ɗaya za su shiga.

Idan jeri ya tsabtata, shigar da shi ba ya cin minti biyar. Ana buɗe asusu a shafin intanet na ɗaya daga cikin kamfanonin tura saƙo da yawa, a sayi adadin saƙon da ake bukata, a ɗora fayil ɗin. Shafin zai tambaya wane layi ne lamba, wane ne suna; a nuna masa. Daga nan zai faɗi lambobi nawa ya karɓa, nawa ya ƙi. Malam Sakatare, wannan adadi ka gan shi da idonka. In ka kai 400 ya ce ya karɓi 260, kada ka bar shagon sai an gano inda 140 suka maƙale. Kuma kafin a tura wa jama'a a gwada da mutum biyar ko shida da ke kusa, a tabbata akwai mai MTN da mai Airtel da mai Glo a cikinsu. Kada a dogara da farkon lamba wajen sanin layin mutum. Da can 0803 na MTN ne, 0805 na Glo, 0802 na kamfanin da ya fara da suna Econet a 2001 ya zama Airtel daga baya, amma tun 2013 an ba mutum damar ƙaura zuwa wani kamfani da tsohuwar lambarsa. Bayan an tura kuma akwai rahoton da ke nuna wanda saƙo ya shiga wayarsa da wanda bai shiga ba, lamba-lamba. A buga maka shi a takarda. Da kana da wannan takarda bara, da ita za ka shimfiɗa gaban dagaci, magana ta ƙare.

Akwai sunan da ke fitowa a saman saƙo a madadin lambar mai aikowa. Ba ya wuce haruffa 11, kuma sai an yi masa rajista kamfanonin waya sun amince kafin ya yi aiki, abin da kan ɗauki 'yan kwanaki. Ku zaɓi suna guda ku tsaya a kansa, ku sanar da shi a taro. Ku sani kuma ba a iya mayar da amsa ga irin wannan suna, don haka in kuna son a kira ku sai ku sa lambar ƙungiya a cikin saƙon.

To, sai babban dalili na gaba, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Shekarun baya saƙonnin talla sun addabi jama'a, dare da rana, wasu har da cire wa mutum kuɗi. Sai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta kafa doka daga 1 ga Yuli 2016 cewa duk wanda ba ya son talla ya rubuta STOP ya aika zuwa 2442, kyauta. Wanda ya yi haka an rufe masa ƙofa. Matsalar ita ce saƙonku na taki, in ta hanyar talla mai araha aka turo shi, shi ma a bakin ƙofar zai tsaya, ko da mutumin yana ɗokin jiransa. Wani ma bai san layinsa yana rufe ba, ɗansa ne ya yi masa tuntuni. Mai son ya sani ya aika STATUS zuwa 2442, in yana son buɗewa ya aika ALLOW. Amma mu ba za mu ce ka tilasta wa mutane buɗewa ba, domin in sun buɗe ba naku kaɗai zai shigo ba, har da na masu caca da masu ba da bashi. Abin da ya fi, ka tambayi kamfanin ko yana da hanya ta biyu, wadda ake bi da saƙon sanarwa irin na banki. Ita tana ratsa wannan ƙofa, sai dai ta fi tsada kaɗan, kuma galibi sukan nemi takardun rajistar ƙungiya. Sanarwa ga 'yan ƙungiya ta dace da wannan hanya. Talla kuwa ba ta dace ba, wanda aka kama yana cusa talla ta nan rufe masa asusu ake yi. Waɗanda suka rage bayan duk wannan, ka ware sunayensu daga rahoto ka kira su da baki.

Mu zo kan rubutun saƙon kansa, domin a nan mu Hausawa muke da wata asara tamu ta dabam. Saƙon tes guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, har da filin da ke tsakanin kalmomi. Turawa ne suka tsara abin a shekarun 1980, saƙo na farko kuma an aika shi a Ingila cikin Disamba 1992, kuma da suke jera haruffan da waya za ta sani ba su sa namu masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ. In ka sa ko guda ɗaya daga cikinsu, saƙon gaba ɗaya sai ya koma wani tsari wanda shafinsa haruffa 70 ne kacal, in ya zarce shafi ɗaya ma kowane shafi 67. Alamar Naira mai karan nan biyu ita ma haka take yi, gara a rubuta N kawai. Dubi wannan misali:

Kungiyar Manoma: Taki ya iso. A zo gidan Shugaba ranar Laraba da karfe 9 na safe da katin kungiya. Ba a biyan kudi ta waya. Sakatare.

Haruffansa 133, shafi ɗaya ke nan. Ka lanƙwasa ƙ ɗin ƙungiya, ya zama shafi biyu. Ka ƙara kalma ɗaya a kai, ya zama uku. Mu ƙaddara kowane shafi N5 ne: mutum 400 a shafi ɗaya N2,000, a shafi uku N6,000, magana kuwa ita ce dai ba ta canza ba. Ga shi kuma wasu ƙananan wayoyi masu tocila ba su san haruffan ba, sai su nuna ɗan akwati a gurbinsu. Mu masu son a rubuta Hausa daidai ne, amma a nan dole a sassauta. Sai dai a yi hattara da kalmomin da ke rikiɗa in an cire lanƙwasa. Ka rubuta wa mutum 400 cewa gobe a zo fada, kana nufin fadar Hakimi, wani ya karanta faɗa ya zo da gora. Haka kara da ƙara, haka baki da baƙi. In kalma tana da fuska biyu, canza ta da wata.

Ka lura da jimlar nan ta misalin, ba a biyan kuɗi ta waya. Da gangan muka sa ta. Ranar da jama'a suka saba ganin saƙo daga ƙungiya, ranar ce ɗan damfara zai so ya kwaikwaye ku, ya ce a turo kuɗin buhu biyu ta wannan asusu kafin gobe. Ku faɗa a taro, ku maimaita, cewa ƙungiya ba za ta taɓa neman kuɗi ko lambar BVN ko lambar sirrin katin banki ta saƙo ba.

Wannan ya kawo mu ga amanar littafin da ke hannunka. Mutanen nan sun ba ka lambobinsu don harkar ƙungiya ne. Za a zo maka, in ma ba a riga an zo ba: mai sayar da maganin feshi, ko wakilin ɗan takara in zaɓe ya matso, a ce ba mu jerin nan ga ɗan goro. Kada ka bayar. Ban da cin amana, yanzu akwai doka. A watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, aka kafa hukuma mai kula da ita. Dokar ta ce bayanin da aka karɓa don wani dalili ba a juya shi zuwa wani dalilin dabam ba da yardar mai shi ba, kuma wanda ya ce a daina aiko masa da talla dole a daina. Don haka a littafinku ku ƙara gurbi guda inda mutum zai sa hannu ko ya dangwala cewa ya yarda a riƙa aiko masa da saƙon ƙungiya. Fayil ɗin da za a ɗora wa kamfani kuma suna da lamba da gari sun isa. Lambar NIN da ta asusun banki ba su da abin yi a can. In an gama aiki a shago, a zuba maka fayil ɗin a filashi ko a wayarka, ka tsaya a goge na cikin kwamfutar shagon a gabanka, har da kwandon sharar kwamfutar. Asusun da aka buɗe a kamfanin ma da sunan ƙungiya za a buɗe shi, kalmar sirrin tana hannunka da na shugaba, ba a hannun yaron shago ba.

Kada kuma a ɗauka saƙo ya kashe shela. Dattawa da yawa ba su karanta boko, sai yaro ya dawo daga makaranta, wani lokacin ya karanta ya manta bai faɗa ba. A tura saƙo kwana uku kafin rabo, da rana ba da dare ba, a sake tunatarwa ana gobe, sa'an nan a faɗa a masallacin Juma'a, a gaya wa masu unguwanni. Ƙungiyar da ba ta wuce mutum 40 ko 50 ba ma, mu dai ba mu ga dalilin zuwa wajen kamfani ba. Sakatare ya tura da wayarsa rukuni-rukuni ya wadatar.

Daga ƙarshe akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da riɗi da wake a Kasuwar Dawanau da ya aiko da tambaya mai kama da wannan. Shi abokan cinikinsa har da mutanen Maraɗi da Damagaram da Chadi, yana so ya riƙa sanar da su farashi duk mako. Alhaji, duk abin da muka faɗa wa Malam Sakatare ya hau kanka, da ƙari biyu. Na farko, naka talla ne tsantsa, saboda haka sai wanda ya ce yana so, kuma ka ba shi hanyar cewa ya isa. Lambobin da ka tsinta a jikin mota ko ka saya a hannun wani kada su shiga jerinka. Na biyu, umurnin nan na liƙa 234 na lambobin Nijeriya ne kaɗai, in aka ja shi a kan lambar baƙo lalata ta zai yi. Ka ware baƙi a nasu fayil. Lambar Nijar 227 ce sai alƙaluma 8, ba su da sifiri a gaba. Ta Chadi 235 da alƙaluma 8. Ta Kamaru 237 da alƙaluma 9. Ta Gana 233, ita kuma ana cire sifirin farko kamar tamu. Saƙon ƙetare ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane kamfani ke kai shi ba, sai ka tambaya kafin ka zuba kuɗi. Tun da yawancin manyan 'yan kasuwa suna riƙe da babbar waya, ga baƙin naka WhatsApp zai fi maka sauƙi. Jerin aikawarsa guda yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya shiga sai wayar wanda ya ajiye lambarka, don haka in sun zo lodi ka tabbata kowa ya ajiye ta kafin motarsa ta tashi.